Rayuwar Makaɗa A Kan Hanya: Abin Da Mai Rawa Ba Ya Gani

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Nassarawa a Kano ranar Asabar da la'asar, ya san motocin nan ƙirar bas da akan gani a tsaye a bayan zaurukan biki, ko a Titin Sultan, ko a Titin Audu Bako, ko a Titin Ahmadu Bello. A saman motar an ɗaure lasifika da ganguna an rufe da tamfol, a ciki kuwa samari ne a zube, wani ya yi matashi da akwatin jita, wani yana goge takalminsa. Waɗannan su ne makaɗa. Wasu daga Jos suka taso da asuba, wasu daga Kaduna ko Zariya. In dare ya yi za a gan su a kan dandali cikin anko, fuska sai sheƙi, har wani yaro cikin 'yan kallo ya ce a ransa ai babu sana'ar da ta kai wannan daɗi.

To, jama'a masu karatu, a wannan karo muna so mu zaga bayan dandali mu ga yadda waɗannan mutane suke kwana, suke tashi. Dalili kuwa shi ne, yawancinmu mun taɓa gayyatar makaɗa zuwa bikin aure ko suna ko wani taro, sa'an nan da yawa cikin 'ya'yanmu da suka koyi jita ko ganga a ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiya suna mafarkin bin wannan hanya. Ya kamata mai gayya da iyaye da 'ya'ya duka su san abin da ke cikinta.

Bala Miller da Kano

Ba za a yi zancen ƙungiyar makaɗan zamani a Arewa ba tare da an ambaci marigayi Bala Miller ba. An haife shi a Pankshin a 1928, mahaifinsa fasto ne daga Zariya. Sa'ad da aka tura mahaifin aiki a Lokoja, a nan yaron ya fara taɓa kayan busa, ya shiga ƙungiyar kiɗan makaranta, yana kuma waƙa a sujada ranar Lahadi. Daga baya ya tafi makarantar CMS a Legas, ya yi busa tare da makaɗan da ke bin tituna da gidajen biki, ya yi wasa da Sam Akpabot, ya kuma yi hulɗa da Victor Olaiya a zamanin da kiɗan hailaif ke tashe.

Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya nemi Bala Miller ya zo ya tsara wa jihar ƙungiyar badujala ta 'yan sanda, daga baya kuma ya ɗora masa aikin kafa makarantar koyon kiɗa. Wato daga Gidan Gwamnati da ke nan Nassarawa aka yanke shawarar da ta buɗe wa samari da dama ƙofar wannan sana'a. A 1977, shekarar bikin FESTAC, Bala Miller ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Pyramids of Africa. Ta fara da mutum 12, ta bunƙasa har ta kai mutum 28, tana rera hailaif da harshen Hausa. Kaduna ce cibiyarta, manyanmu kuma ba su manta shirinsa na talabijin a NTA cikin shekarun 1980 ba. Ya rasu a 2003.

Mu tsaya mu yi lissafi kaɗan a kan wannan adadi. Mutum 28 a kan hanya, ma'anarsa kwano 84 na abinci kowace rana. In an zuba mutum huɗu a ɗaki, ana bukatar ɗaki 7 kowane dare. Mota ɗaya ba za ta ɗauke su da kayansu ba. Duk wannan kuɗi yana fita ne tun ba a buga ganga ko sau ɗaya ba. Wanda ya gane wannan lissafi ya gane rabin rayuwar makaɗi.

Tun kafin hailaif kuwa makaɗan gargajiya sun san hanya. Alhaji Mamman Shata ya shafe fiye da shekara 50 yana zaga garuruwan Nijeriya da maƙwabtanta tare da masu kalangu da 'yan amshi da maroƙa, har zuwa rasuwarsa a watan Yuni na 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ma da ayarin mata masu kiɗan ƙwarya take tafiya. Ɗan Maraya Jos ne kaɗai za a ce ya huta da ɗawainiyar ayari, gama kuntiginsa a hannu ɗaya yake ɗauka.

Lodi da hanya

Ranar makaɗi tana farawa ne da dako. Kafin gari ya waye an fito da kaya daga ɗakin ajiya: lasifika, amfilifaya, fiyano, ganguna, ƙarafan makirufo, wayoyi a nannaɗe, da janareta. Akwai tsarin da ake bi. Masu nauyi a ƙasa, masu laushi a sama, abin da za a fara bukata shi ne na ƙarshen shiga. Sabon shiga shi ne ɗan dako, ko da kuwa ya fi kowa iya jita. Kowane makaɗi kuma ba ya yarda abin wasansa ya yi nisa da shi. Mai ƙaho a cinya yake riƙe nasa, gama in bakin ƙahon ya lotse, abincinsa ne ya lotse.

Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, ta Kura da Kwanar Dangora da Zariya. Mai zuwa Jos yana da zaɓi biyu: ko ya bi ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka, ko ya yanke ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, wanda direbobi suka daɗe suna gudun shigarsa da dare saboda 'yan fashi. Motar da aka yi wa lodi har sama ba ta gudu, tana kuma cin taya. Ga shingayen jami'an tsaro, inda sau da yawa sai an kwance tamfol an buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a sake ɗaurewa. Tafiyar awa uku takan zama ta awa shida.

Abinci kuwa abin da hanya ta bayar ne: shayi da burodi da safe, rake ko dafaffen ƙwai ta tagar mota, shinkafa da wake a tasha in an sami tsayawa. Mai waƙa yana kaffa-kaffa da ruwan sanyi da ƙura, domin murya ba ta da safaya. A lokacin hunturu leɓen mai busa yakan tsage, sai ya riƙa shafa man kaɗanya. Fatar ganga takan ɗame da rani ta saki da damina, har sai an kanga ta a wuta ko a rana kafin ta ba da sautin da ake so. Tsirkiyar jita ita ma takan sauka saboda zafi da girgizar mota, dole a sake ɗaure ta a kowane masauki.

Hanya kuma ta ci makaɗa da yawa. Rex Lawson, gwanin hailaif, ya rasu a haɗarin mota a watan Janairu na 1971 yana kan hanyar zuwa wasa a Warri. Celestine Ukwu ya bi bayansa ta haɗarin mota a 1977. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda waƙoƙinsa suka cika gidajen biki a ƙasar Hausa, shi ma a haɗarin mota ya rasu a 2008. Waɗannan sanannu ke nan, waɗanda jaridu suka buga labarinsu. Akwai 'yan amshi da masu ganga da yaran mota da suka tafi haka nan, iyalansu kaɗai suka san an yi rashi.

Jira, sa'an nan wasa

Da isowa babu hutu. A sauke kaya, a kafa, a ja waya, a gwada sauti. A nan ake gane abin da ya lalace a hanya, sai a tura yaro Sabon Gari ya nemo fis ko kan waya kafin a rufe kasuwa. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ya iya gyaran lantarki, shi kuwa ya fi mai waƙa wuyar samu. In an ɗauke wuta, ko in ta zo da ƙarfi fiye da kima, amfilifaya na iya ƙonewa nan take, shi ya sa makaɗa da yawa suka fi amincewa da janaretansu ko da akwai wuta a zauren.

Bayan haka sai jira. An rubuta ƙarfe huɗu a katin gayyata, amarya ba ta iso ba sai bakwai. Makaɗa ba su da ikon barin wurin, ba su kuma da kujera a teburin baƙi. Sau da yawa akan raba abinci a gabansu, su kuwa suna tsaye suna kiɗa, in an gama a ce tukunya ta ƙare. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne, a bukukuwanmu yake faruwa.

In wasa ya kankama, aiki ne na awa uku ko huɗu a tsaye. Shugaban ƙungiya idonsa na kan jama'a, yana karanta su kamar yadda manomi ke karanta hadari. Ya san lokacin da zai sassauta domin dattawa su taka, da lokacin da zai ɗaga domin matasa. A gari irin Kano dole ƙungiya ta iya kiɗa iri-iri, gama a biki ɗaya za a tarar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutumin Filato da na Kudancin Kaduna, kowa kuma yana jiran a taɓa nasa. Tun a mota an haddace sunayen dangin ango da na amarya, da na manyan baƙi da muƙamansu. A kira mutum da muƙamin da ya gaza nasa, to an yi asarar kyautarsa, watakila har da gayyata ta gaba.

Rabon kuɗi

Kuɗin makaɗa ta hanya biyu yake shigowa. Akwai kuɗin jinga, wanda akan ba da wani abu daga ciki a matsayin kafin alƙalami, a cika sauran bayan wasa. Akwai kuma liƙi da kyauta. A wajen makaɗan gargajiya kyautar ce ma ginshiƙi: riga, doki, mota, har kujerar Makka, kuma manyan kyautai na shugaba ne. Shi zai raba wa yaransa kuɗi gwargwadon matsayi da daɗewa. A ƙungiyoyin zamani ma haka abin yake da ɗan bambanci. Za a fara cire kuɗin mota da mai da masauki, a cire kason kayan kiɗa, sa'an nan a raba abin da ya rage.

Wannan kason kaya yana da tarihi. A zamanin hailaif kayan kiɗa sun fi ƙarfin aljihun makaɗi, saboda haka masu otal ne ke sayensu, su ɗauki makaɗa su riƙa yi musu wasa. Makaɗin da ya saɓa da mai otal sai ya fita hannu rabbana. Shi ya sa waɗanda suka yi ƙarfi, irin su Bobby Benson da Victor Olaiya a Legas, suka gina nasu wuraren wasa. Har yau wanda ya mallaki kaya shi ne mai faɗa a ji, mai gwaninta kuwa in ba shi da ko jita tasa, ɗan ƙodago ne.

Wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake zaman rabo, a bayan mota ko a ɗakin shugaba, a zazzage jakar liƙi a ƙirga a gaban kowa. A nan zumunci ke ƙarfafa, a nan kuma yake tsinkewa. Yawancin ƙungiyoyin da suka watse, a wurin rabo suka watse. Abin da ya fi ciwo shi ne a gama wasa a nemi mai gayya a rasa, ko ya ce a dawo gobe, alhali kuwa gobe ana jiransu a wani gari, kuɗin man komawa ma a cikin cikon yake.

Daga nan sai tambayar da kowace ƙungiya ke yi wa kanta: a kwana ko a kama hanya? Ɗakin otal a Nassarawa ba na ɗan amshi ba ne. In mai gayya bai tanadi masauki ba, sai dai a nemi mai araha a Sabon Gari a cunkusu, ko a kwana cikin mota ana gadin kaya, ko kuwa a ce da direban da bai runtsa ba tun asuba ya tayar da mota. Wannan zaɓi na uku shi ne mafi araha, shi ne kuma mafi haɗari.

Damina da rani, da abin da aka bari a gida

Sana'ar tana da kakarta. Bayan an kawar da amfanin gona kuɗi na shiga hannun mutane, aure ya yawaita, daga Nuwamba har zuwa sabuwar shekara makaɗi ba ya zama. Lokacin Kirsimeti, sa'ad da kowa ke komawa gida wurin iyalinsa, shi lokacin ne yake barin nasa. Bukukuwan Sallah ma haka. Amma in azumin watan Ramadan ya kama, kiɗan biki yakan tsaya cik a Kano, ikkilisiyoyi da dama kuma ba su ɗaura aure a kwana 40 na azumi kafin Ista. Da damina ruwa kan tarwatsa wasan fili. Wanda bai yi tanadi a watannin samu ba, zai sayar da wayarsa a watannin rashi.

Babu albashi, babu fansho, babu wanda zai biya kuɗin asibiti. Ga ciwon baya saboda dako, ga kunnen da ke raguwa saboda tsayuwa kusa da lasifika shekara da shekaru. Ga matar da ke riƙe da gida ita kaɗai, da 'ya'yan da ke ganin ubansu ranar Talata ya tafi ranar Juma'a. Ga kuma jarabar da ke tattare da aikin dare: giya a arha, da ƙwayoyin hana barci da wasu ke sha domin su iya tsayuwa. Ba duka makaɗa ke faɗawa ciki ba, muna da shaidar mutane masu kamun kai da suka tsufa a sana'ar da mutuncinsu. Amma wanda zai shiga ya san akwai ramin.

Abin da zamani ya canza

Daga ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, ya zamana mutum ɗaya na iya fitar da sautin ganga da algaita da jita daga akwati guda. Mawaƙi ya daina bukatar ayari. Yau yakan zo biki da kiɗansa a waya ko a filas, a saka masa ya bi da baki. Mai gayya ya ga sauƙi, masu ganga da masu busa suka rasa aiki.

Wuraren wasa su ma sun ragu. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001, an ƙara sa ido a kan wasannin dare. Hare-haren ranar 20 ga Janairu 2012 sun jawo dokar hana fita, mutane suka daɗe suna tsoron taro. A 2020 annobar korona ta rufe zaurukan biki na watanni. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya busar da liƙi, a ƙarshen watan Mayu na shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, farashin gwamnati na lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a Kano cikin 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙi da tattaka Naira, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ko duka biyu, a 2024 kuma an ga kotu ta ɗaure mutane a kan haka. Saboda haka a bukukuwa da yawa yanzu kwano ake ajiyewa, ko a rubuta lambar asusun banki a allo.

Duk da haka kiɗan hannu bai mutu ba. 'Yan Koroso na hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, nan cikin Nassarawa, sun daɗe suna wakiltar Kano a ciki da wajen ƙasa. Ikkilisiyoyi kuwa sun zama babbar makarantar masu jita da ganga da fiyano a Arewa, kamar yadda sujadar Lokoja ta zama wa Bala Miller.

Abin da ya rage gare mu

Ga mai gayya, shawararmu gajeriya ce. A yi jinga a rubuce, kowa ya sa hannu. A ba da kuɗin mota tun kafin su taso. A ciyar da su kafin su hau dandali, ba bayan an watse ba. A cika musu kuɗinsu a daren, kada a ce sai gobe. In daga nesa suka zo, a tanadar musu wurin kwana, ko da ɗakin baƙi ne a gidan wani ɗan'uwa, domin kada a tura su hanya da tsakar dare. A kuma fara biki a kan lokaci, gama kowace awa da aka ɓata da rana, daga barcin direba ake cire ta. Wannan ya shafi har ƙungiyoyin mawaƙa da na Zumuntar Mata da muke gayyata daga wasu garuruwa, waɗanda sau da yawa godiya kawai muke sallamarsu da ita.

Ga iyaye kuma, kada mu kashe baiwar yaro da tsawa, kada kuma mu sake shi haka nan. Mu tambayi wane ne shugaban ƙungiyar, yaya ake rabo, ina ake kwana. Ga matasa, ku lura da abu ɗaya a tarihin Bala Miller: shekaru da yawa yana aikin kamfani da rana yana kiɗa da dare, bai kafa babbar ƙungiyarsa ba sai da ya kusa shekara 50. Ku riƙe karatu ko wata sana'ar hannu, ku yi adashi ku sayi abin kiɗanku na kanku, ku koyi gyaransa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, saboda haka ku nemi tsofaffin makaɗa da ke cikinmu ku zauna da su, za su gaya muku abin da ba a gani daga wurin rawa.

Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.